FILIN MANOMA: Jikin Manomi Bayan Shekara Arba'in

Jama'a masu karatun wannan fili, kun saba jin mu muna magana a kan iri da taki da tsutsar shinkafa da farashin albasa. Wannan mako za mu ajiye gona tukuna, mu duba mai gonar da kansa. Dalili kuwa shi ne, cikin yawon da aikin malamin gona yake sa mu yi a ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, gonakin da muke tararwa sun lalace ba duka ne ambaliya ko fari ko ƙwari suka ɓata su ba. Da yawa in ka bi sawu sai ka iske maigidan ne ya kwanta ciwo ana tsakiyar aiki, ciyawa ta ci shuka, bashin taki kuwa yana nan yana jira.

Ku tuna an fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru ya zama tafki a 1968, aka ta da mutane wajen 44,000 daga gungunansu da garuruwansu na bakin Kwara aka mai da su sababbin matsugunai. Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa duk abin ya shafe su. To, jaririn da aka haifa shekarar da aka yi wannan ƙaura yanzu ya doshi sittin. Wanda aka haifa a 1985 ma ya shiga arba'in. Watau mutanen da suka buɗe ido suka ga tafki, ba su san tsohon kogi ba sai a bakin iyaye, su ne yau suke riƙe da gonaki da jirage da rumfunan kasuwa tun daga Yelwa har Wara. Su ne masu ciyar da tsofaffi a sama da yara a ƙasa. In ɗayansu ya faɗi, ba mutum ɗaya ne ya faɗi ba.

Ni mai wannan rubutu ban kai arba'in ba, saboda haka iyayena da yayyena su yi mini gafara in na yi musu magana a kan jikinsu. Amma ra'ayina ke nan, kuma zan faɗe shi a fili: manomin da ya wuce arba'in, wajibi ne ya sa jikinsa cikin lissafin gona, ya ware masa rana da kuɗi kamar yadda yake ware wa injin ban-ruwa baƙin mai. Ƙungiyoyin manoma da na masunta kuma su ɗauki wannan a kan aikinsu ne, kada su ce na likita ne shi kaɗai.

Mu fara da ido, don shi ne yake fara ba da labari. Mutum yana cika arba'in, ko ya ɗara kaɗan, sai ya ga ƙananan rubutu sun fara yi masa hazo, sai ya miƙa takarda nesa kafin ya karanta. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuwa sammu ba. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai taushi da yake tanƙwaruwa don a ga abin da ke kusa, shekaru ne suke sa shi ya yi tauri, kuma kusan babu wanda yake tsira. Akawu da ɗan kasuwa mai littafin bashi su ne suke fara lura, su sayi tabarau. Manomi kuwa sai ya ce shi ba ɗan boko ba ne, me zai yi da tabarau? Ashe shi ne ya fi kowa bukata. Rubutun da ke jikin kwalbar maganin feshi, wanda yake faɗin murfi nawa za a zuba a tanki, ƙanana ne ƙwarai. Wanda ba ya ganinsa sai ya zuba da ka, ko ya ƙone shuka, ko ya yi asarar magani, ko ya cuci kansa. Haka ƙwan tsutsa a bayan ganye, haka ɗinkin taru da ɗaurin ƙugiyar mamari, haka tsintar tsakuwa a shinkafa ga mata.

An taɓa gwada wannan abu a jihar Assam ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2018. Masu tsinkar ganyen shayi su 751, duk 'yan arba'in zuwa sama, aka raba su biyu, aka ba rabi tabarau na ganin kusa, rabi aka ce su dakata. Da aka auna abin da kowa yake tsinkowa a yini, sai aka ga masu tabarau sun fi da wajen kashi 22 cikin 100. Wane taki ne zai ƙara maka haka a kan kuɗin da bai wuce na kaza ba?

Sai dai a rarrabe. Akwai hazon da tabarau ba ya gyarawa. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutanen da suka kai arba'in zuwa sama, fiye da 4 cikin 100 makafi ne, kuma mafi yawan makantar nan da an yi abin da ya kamata da ba ta auku ba. Yanar ido ita ce kan gaba, ana kuwa cire ta a asibiti cikin ɗan lokaci a sa wani madubi a madadinta. Masu yawo ƙauyuka suna soka tsinke su ture yanar cikin ido, ku guje su. Wannan binciken ya ga idanun da aka yi wa haka, yawancinsu gani bai komo yadda ya kamata ba. Na biyu shi ne hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe a hankali ba zafi, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Wannan sai an auna ake ganewa. Makantar da ƙudan kogi yake kawowa, wadda ta addabi kakanninmu a bakin Kwara, ita kam an ci ƙarfinta tun da aka fara ba da ƙwayar Mectizan kyauta a 1987, har ma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta rabu da ita, ita ce ta fari a Afirka.

Yanzu ga babbar magana, watau hawan jini. A nan zan daɗe, don shi ne yake kwantar mana da magidanta.

Akwai wata magana da manoma suke yi, wai hawan jini ciwon masu kuɗi ne da ma'aikatan ofis masu tumbi, wanda yake zufa a gona ba ruwansa da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama motsa jiki yana taimako. Amma ba ya hanawa. Jijiyoyin jini suna yin tauri da shekaru kamar yadda tiyon ban-ruwa yake bushewa in ya sha rana, zuciya kuwa sai ta ƙara ƙarfin bugu kafin jini ya wuce. Ga gado, ga gishiri, ga taba, ga rashin barci. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ta shafe masa shinkafa, ko wanda yake kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, ba sai an gaya masa mene ne tunani ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce cikin manyan mutane na duniya, ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su san suna da shi ba. Rashin sanin nan shi ne mugun abu. Mutane suna jira sai sun ji ciwon kai ko jiri, alhali yawancin masu shi ba sa jin kome. Mutum siriri, mai ƙarfi, wanda yake tuƙa jirgi daga Zamare ya ƙetare ba hutawa, yana iya zama jininsa ya hau shekara biyar bai sani ba. Ran nan sai a ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Sai a ce iska ta buge shi a bakin ruwa, a shiga turare da shafe-shafe, kwana uku su wuce. Ba iska ba ce, jama'a. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma wanda aka ga alamun nan gare shi asibiti za a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Awon kuwa ba wuya. Ana ɗaura wani ƙyalle a damtse, na'ura ta nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In an auna rana biyu dabam-dabam, mutum yana zaune ya huta, aka ga ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, to, sai a ga ma'aikacin lafiya. Maganin ƙwaya ce da ake sha kullum. A nan ne da yawa suke tuntuɓe: mutum ya sha wata ɗaya, ya ji garau, ya ce ya warke, ya bari. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a gama. Kamar ban-ruwan albasa ne a watan bazara, ranar da ka bari ranar nan ƙasa take fara tsagewa.

Game da gishiri, abin da masana suka yarda da shi shi ne kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, watau kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin miya da yaji da kome da kome. Dunƙulen miya na kanti da matanmu suke jefa huɗu ko biyar a tukunya, kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce wajen ta da jini. Mu da Allah ya ba albasa da kifi da daddawa, ban ga abin da zai sa miyarmu ta dogara ga dunƙule ba. Amma wannan magana ba a yi wa uwargida ita da faɗa, don sau da yawa maigidan ne yake ture kwano in ya ji gishiri bai ji ba.

Ciwon sukari kuwa ya fi kama 'yan kasuwa da akawuna masu yini a zaune, ga shayi mai sukari cokali huɗu da safe, ga lemon kwalba da rana. Alamunsa yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama ba dalili, da miki mai ƙin warkewa. Manomin fadama mai wannan ciwo ya kula da ƙafarsa ƙwarai, don ciwon yana kashe jin tafin ƙafa, ƙaya ta soke shi cikin taɓo bai sani ba, sai ta ruɓe. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa da safe kafin a ci abinci ya isa a fara ganewa.

Sai baya da gwiwa da ƙugu, waɗanda ba manomin da zai ce bai san su ba. Tun daga shekara talatin naman jikin mutum yake fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya kuma yana bushewa. Aikinmu kuwa bai rage ba. Dashen shinkafa da na albasa a fangali duƙe ake yinsa tun safe har azahar. Tankin feshi mai lita 16 in an cika shi ya wuce kilo 16 a gadon baya, a yi ta zagaya gona da shi. Buhun taki kilo 50 ne, buhun hatsi kuwa yana kai 100. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada a ɗora wa namiji baligi kayan da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, amma je tashar jirage a Yelwa ka ga abin da ake ɗora wa masu furfura. Wani abin kuma, da can gayya take rage wa magidanci nauyi, yanzu samari da yawa sun tafi haƙar zinariya ko acaɓa ko birni. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, wasu da suka saba da inji suka rage ban-ruwa ko suka koma ɗiba da hannu. Nauyin duk ya komo kan ɗan hamsin.

Ciwon bayan kansa bai fi ba ni tsoro ba kamar abin da ake sha dominsa. A kowace kasuwa akwai mai tire ko mai kwali da yake ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi dabam-dabam a leda, ya ce maganin gajiya ne. Mai saye bai san sunan ko ɗaya ba. Galibi akwai masu kashe zafi irin su diklofenak a ciki, waɗanda in an ɗauke su abincin kullum suna ƙwaƙule ciki su kawo gyambo, suna ta da hawan jini, suna kuma lalata ƙoda, balle ga wanda ya yini cikin zafin watan Afrilu yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Taramol ya fi muni. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, toshe kunnen jiki kawai yake yi don kada mutum ya ji kukan da gaɓoɓinsa suke yi, sai ya yi aikin kwana biyu a yini ɗaya, ya biya da shekara. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma jefa wasu cikin farfaɗiya. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba. Ana ɗauka abin samari ne, amma masu sayarwa sun san akwai dattawa cikin masu ciniki. Mai gonar da yake saya wa 'yan ƙwadago don su gama masa da wuri, shi ma ya san abin da yake yi.

Abin da ya fi shi ne a sake rabon aiki. Magidancin da ya kai hamsin, awon taki da haɗa maganin feshi da duba ƙwari da ciniki su ne nasa, don nan ne saninsa yake da amfani. Ɗaukar buhu a bar wa yara, ko a raba shi biyu, ko a sa baro. In dole ne a ɗaga kaya, a durƙusa da gwiwa a rungume shi kusa da jiki, kada a sunkuya da baya. A riƙa miƙewa ana hutawa tsakanin fangali da fangali. Wanda ya ga kumburi yana fitowa a matsematsinsa in ya yi nishi ko tari, ya koma in ya kwanta, ƙaba ce, ba ta jin jiƙo, ɗinki take so. Kunya ce take sa mutane su ɓoye ta shekara da shekaru har ran da za ta murɗe, ranar nan kuwa in ba a kai asibiti da sauri ba ana rasa rai. Gwaiwa ma aikinta ƙarami ne a hannun likita.

Akwai kuma ciwon da tafkin ya ba mu tare da kifi. Ruwan Kainji yana cika yana janyewa kowace shekara, yana barin ƙasa mai dausayi da muke shukawa, yana kuma barin kududdufai da ciyayi inda ƙananan katantanwa suke zama. Cikin katantanwar nan ne tsutsar tsargiya take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi ko mai dashe. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Kowa ya san yaro mai fitsarin jini, har a wasu wurare ana ɗauka alamar girma ce. Abin da ba a sani ba shi ne, in yaron ya girma jinin yakan ɗauke amma ƙwan tsutsar yana nan a bangon mafitsara, yana yin tabo a hankali, sai a shekara arba'in ko hamsin abin ya fito da wata fuska: fitsari ya riƙa tsayawa, ƙoda ta kumbura, wani lokaci har ciwon daji na mafitsara. Maganinta, firazikwantel, ana rabawa a makarantun firamare, masunci da manomin fadama da mai wanki a bakin ruwa kuwa ba sa cikin aji. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake shawara, ta ce inda cutar ta yi yawa a ba kowa, yaro da babba. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumominmu uku su nemi a bi wannan shawara a tungayen bakin tafki. Kafin nan, babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa ko sau ɗaya ne, kada ya ce tsohuwar tsargiya ce ya share. Haka wanda ya wuce hamsin ya ga yana tashi fitsari sau huɗu da dare, yana fita da ƙyar. Akwai wani ƙululu a gindin mafitsarar namiji da yake girma da shekaru, ana kuwa da maganinsa.

Ba zan manta da iyayenmu mata ba, ko da yake wannan magana ta fi kyau a bakin ungozoma. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke, mace ta riƙa jin zafi yana taso mata, da zufar dare, da rashin barci, da saurin fushi. Ba aljanu ba ne, ba kuwa baƙin hali ba, maigida ya yi haƙuri. Amma jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, ko ƙullutu a mama, wannan na asibiti ne ba jinkiri. Mai bandar kifi da mai turara shanshera kuma sun sha hayaƙin shekara ashirin ko talatin, shi ya sa tari da ciwon ido ba sa rabuwa da su. A Gana tun 1969 aka ƙago wani murhun banda da ake kira Chorkor, mai tire hawa-hawa, wanda yake cin itace kaɗan. Ga cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa kusa da mu, ƙungiyoyin mata su je su nemi a nuna musu irin murhun da ya fi dacewa.

To, me za a yi? Na san amsar da za a ba ni, don na sha jinta a gindin bishiya. Wani zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi yi wa shanunsa allurar rigakafi saboda wannan dalili ba, kuma shanyewar jiki ba mutuwa ba ce, kwanciya ce ta shekaru, mata da 'ya'ya suna juya mutum, ana sayar da gona fegi-fegi. Wani zai ce in ka je awo sai an gano maka ciwo. Ciwon yana nan ko an auna ko ba a auna ba. Mai magana ta uku shi ne na fi girmamawa, wanda zai ce asibiti nisa, magani tsada, in an gano ma da me zan saya? Wannan gaskiya ce, ba ni da bakin musunta ta. Mutumin Gebbe ko Libata in zai je babban asibitin Yelwa, yini guda ya tafi da kuɗin mota ko na jirgi, balle a ce Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Saboda haka nake cewa awon ne ya kamata ya zo inda manomi yake. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, kusan babu ƙauyen da ba a kafa ƙungiyar manoma ba, da shugaba da ma'aji da magatakarda. Na'urar awon jini mai batir kuɗinta bai wuce na buhun taki ɗaya ba. Ƙungiya mai mutum hamsin ta kasa sayen ɗaya? A saya, a roƙi ma'aikacin ɗakin shan magani na kusa ya koya wa magatakarda yadda ake ɗaurawa, a buɗe littafi. Ranar rabon taki ko ranar taro, duk wanda ya kai arba'in a auna shi a rubuta. Za a ce magatakarda ba likita ba ne, kada gobe ya fara ba da magani. Wannan tsoro yana kan hanya, don haka a yanka masa iyaka tun farko: nasa awo da rubutu, wanda lambarsa ta hau a ba shi takarda ya kai asibiti, ko ƙwaya ɗaya kada ta bi ta hannunsa. 'Yan kasuwa su ma sarkin kasuwa yana iya shirya musu haka ranar da kasuwa take ci. Game da kuɗin magani kuwa, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta ce kowa ya shiga, Jihar Kebbi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya da ake kira KECHEMA. Shugabannin ƙungiyoyi su aika mutum biyu su tambayo yadda ƙungiya za ta shiga gaba ɗaya, da abin da za a biya, da asibitin da za a haɗa su da shi, su zo su karanta wa jama'a.

Lokaci ma abin dubawa ne, mu kuwa manoma mun fi kowa sanin kome da lokacinsa. Da kaka ne kuɗi yake hannu, aiki kuma ya yi sauƙi. Nan ne ya kamata a fitar da buhu ɗaya na shanshera a ce wannan na jiki ne, kafin biki da sabon babur su cinye. Ɗinkin ƙaba yana son mutum ya yi makonni bai ɗauki nauyi ba, saboda haka wanda ya yi shi bayan girbi zai shiga damina da ƙarfinsa, wanda ya jira kuwa ƙabar ce za ta zaɓar masa rana, ba ta kuwa duba ko an gama noman farko. Mai noman rani da ba shi da hutu da kaka, ya duba tsakanin cire albasa da faɗuwar ruwa. Cire yanar ido ma haka.

Abu ɗaya ya rage, mai nauyin faɗa. Magidanci da yawa shi kaɗai ya san iyakar gonarsa, da wanda yake bi bashi, da wanda yake binsa, da inda takardar rance take. In harshe ya sarƙe rana ɗaya, duk wannan ya tafi, sai rigima a gaban hakimi ko alƙali. Wanda ya kai hamsin ya kama hannun babban ɗansa ya zagaya da shi kan iyaka gaban maƙwabta, ya sa a rubuta basussuka a littafi, uwargida ta san inda aka ajiye.

Ƙungiyar da ta riga ta sayi na'urar awo, ko wadda take da niyya, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta yi da abin da ya ba ta wuya, za mu buga don wasu su gani. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan rumbun albasa, da abin da yake sa ta ruɓe kafin farashi ya tashi.